Lean, Isabelle ko Rocq? Ga mai son AI ta mayar mashi da lissafin littafi hujjar da kwamfuta za ta duba

Tambayar nan ta yawaita a bakin 'yan lissafi na nan Katsina, musamman masu shirin furojet ɗin aji huɗu da masu digiri na biyu a UMYU da FUDMA ta Dutsin-Ma da Al-Qalam. Wai an ce yanzu mutum na iya ɗauko tiyorem daga littafin analisis ko aljabara ya miƙa ma AI, ta rubuta mashi shi da yaren da kwamfuta ke bi layi-layi ta ce hujjar ta tsaya ko ba ta tsaya ba, to wace manhaja za a kama, kuma wace AI? Ni dai amsata Lean 4 ce ga mafi yawan mutane, amma fa mafi yawa ba kowa ba ne, akwai wanda in ya bi Lean wahala kawai zai sha, akwai kuma wanda laftof ɗinshi da datar wayarshi ne za su yanke mashi hukunci tun kafin ya buɗe baki.

Abu na farko da ya kamata ka gane ƙanena, aikin nan gida biyu ne, mutane ke haɗe su shi ya sa ake ruɗewa. Akwai rubuta maganar tiyorem ɗin kanta, wato me aka ba ka, me ake so ka nuna. Sai kuma rubuta hujjar. Manhajojin nan uku kowace tana da wani ɗan ƙaramin sashe a cikinta da ake ce ma kanel, shi ke bin hujja mataki-mataki, in AI ta yi ƙarya a tsakiyar hujja ko ta tsallake wani mataki nan take zai ja mata jan layi, a wannan ɓangaren fargabarka kaɗan ce. Amma ɓangaren farko babu mai duba maka shi. Kanel alƙali ne da baya karɓar na goro kuma baya gajiya, sai dai abun da aka rubuta a takardar ƙara kawai yake hukunci a kai, in wanda ya rubuta maka ƙarar ya saka iyakar wata gona daban to alƙali zai yi maka adalci tsaf, amma a kan gonar da ba ita ka zo nema ba.

Bari in nuna maka yadda abun ke faruwa a zahiri. Littafi ya ce in x ya fi sifili to tushen murabba'insa ma ya fi sifili, kuma ya rubuta tushen da x a ɗaga da rabi. Ka ba ma AI, ta rubuta maka `x ^ (1/2) > 0` a Lean, ta kawo hujja ta layi ɗaya, Lean ta karɓa babu jan layi ko ɗaya, ka yi hamdala ka rufe laftof. To abun da ka tabbatar shi ne 1 ya fi 0. Me ya sa? Saboda in ba ka faɗa ma Lean wace irin lamba ce a sama ba, ɗauka take lambar ƙirga ce ta ℕ, kuma a ℕ in ka raba 1 da 2 sifili ne amsa tunda babu gutsure, sai x a ɗaga da sifili ya zama 1. Daidai shi ne a rubuta `(1/2 : ℝ)` ko a yi amfani da `Real.sqrt`. Haka nan a ℕ in ka cire 3 daga 2 sifili zaka samu ba ƙasa da sifili ba, haka raba lamba da sifili a Lean sifili ne, ba za ta yi maka ƙorafi ba. Wani lokacin irin wannan kuskuren yana mayar da tiyorem ɗin ƙarya, ka kwana kai da AI kuna neman hujjar abun da ba gaskiya ba, wannan ma da sauƙi don aƙalla ka san akwai matsala. Mai haɗarin shi ne wanda ya wuce lafiya lau.

Kuma kar ka ce ai ƙananan yara ne ke irin wannan. Akwai wani tarin tambayoyi da ake gwada AI da shi, ProofNet, tambayoyi 371 da aka tsamo daga littattafan jami'a a 2023, da wasu masu bincike suka zauna suka bi sigarshi ta Lean 4 ɗaya bayan ɗaya sai suka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na maganganun akwai kuskure a yadda aka rubuta su. Masu sana'ar kenan fa. Shi ya sa ma'aunina na farko wajen zaɓe ba wai wace AI ta fi wayo ba, a'a, wane yare ne kai da kanka zaka iya karanta maganar tiyorem a cikinshi ka ce eh wannan shi ne abun da littafi ya ce.

To mu ɗauki Lean. Leonardo de Moura ya fara ta a Microsoft Research a 2013, amma abun da ya ɗaga ta ba manhajar ba ce kawai, laburarenta ne Mathlib da aka fara a 2017, yanzu ya haura layi miliyan ɗaya da rabi, kuma dunƙule yake wuri guda, ma'anar guruf ɗaya ce, ma'anar ci gaban fankishin ɗaya ce, kowa a kanta yake gini. In littafinka na aljabara ne, guruf da ring da fild da modul, ko tofoloji, ko liniya aljabara, to kusan duk abun da ake koyarwa daga aji ɗaya zuwa huɗu zaka same shi an riga an shimfiɗa, kai dai ka ɗora naka a kai. Manyan 'yan lissafi ma can suka taru. Kevin Buzzard na Imperial College a Landan tun 2024 yake jagorantar aikin saka tiyorem ɗin Fermat na ƙarshe a Lean, Peter Scholze ya jefa ƙalubale a ƙarshen 2020 a duba mashi wata hujjar da shi kanshi bai gama natsuwa da ita ba aka kammala a Yulin 2022, Terence Tao kuma da mutanenshi sun saka hujjar PFR, wato hasashen Polynomial Freiman-Ruzsa, cikin kusan sati uku a Nuwamban 2023. Shi Tao ɗin a 2025 har ya fitar da abokin tafiyar littafinshi Analysis I a Lean, babi-babi, an bar maka tambayoyin motsa jiki a buɗe ka cike da kanka, wanda ga mai furojet a kan analisis wannan kyauta ce babba, ka ga yadda gwani ke mayar da jimlar littafi jimlar Lean.

Ta fuskar AI kuwa ba a haɗa Lean da sauran. Inda jama'a suka taru nan rubutu ke yawa, inda rubutu ke yawa nan AI ke ƙwarewa. AlphaProof na DeepMind da ya haɗu da AlphaGeometry 2 suka ci maki 28 cikin 42 a gasar lissafi ta duniya IMO ta 2024, matakin azurfa, da Lean yake aiki. Aristotle na kamfanin Harmonic da ya warware biyar cikin shida a gasar 2025 shi ma Lean. DeepSeek-Prover, Kimina-Prover, Goedel-Prover, duk Lean 4 ne. Amma ka lura da wani abu a labarin 2024 ɗin da ba a cika faɗi ba, tambayoyin mutane ne suka zauna suka rubuta su a Lean da hannu kafin a miƙa ma injin, wato ko DeepMind ba ta sakar ma AI wancan ɓangaren na farko ba a ranar da abun ke da muhimmanci.

Laifin Lean kuma ba ɗaya ba ne, kuma gara ka ji su yanzu. Na ɗaya bata zama wuri ɗaya, kusan kowane wata sabuwar siga ke fita, Mathlib kuma kullum ana sake ma lemomi suna, abun da ya yi aiki wata shida baya yau ya ja maka ja. Na biyu, wanda zai fi ci maka rai, AI na cakuɗa tsohuwar Lean 3 da Lean 4. Zaka ga ta fara maka hujja da `begin` ta rufe da `end`, ko ta rubuta `nat.succ_le_iff` da ƙaramin baƙi, wannan duk tsohon yayi ne, a Lean 4 da `by` ake farawa kuma `Nat` da babban baƙi. Sannan ga ƙirƙirar suna, ta kawo maka lema mai suna mai daɗi kamar gaske, ka nema sama da ƙasa babu ita a Mathlib, ita ta raɗa mata suna don ta ga ya dace a ce akwai. Maganin wannan `exact?` da Loogle, kayan binciko lema a Mathlib, ka saba da su tun satin farko. Na uku nauyi. Ranar da ka fara buɗe furojet da Mathlib sai ka sauke kaya masu yawa da `lake exe cache get`, kuma in sun warware a kwamfuta gigabait da dama suke ci, in ka yi gangancin cewa zaka gina Mathlib da kanka ba tare da wannan ba to awoyi ne laftof na huci, kuma ka san halin wutarmu. Mai RAM 4 ya haƙura kawai, 8 za a lallaɓa, 16 shi ne kwanciyar hankali. Akwai dai mafita, shafin live.lean-lang.org na buɗewa a burawuza da Mathlib a ciki ba sai ka saka komai ba, har a waya yana buɗewa duk da rubutu a wayar azaba ne, sai dai kuma shi sai da netwok mai kyau, ga ƙananan gwaji ya isa, furojet guda mai fayil goma ba zai ɗauka ba.

Isabelle kuma, gaskiya ina jin haushin yadda ake wuce ta kamar bata nan. Ta girmi Lean nesa ba kusa ba, Lawrence Paulson ya fara ta a Kambirij a 1986, daga baya jami'ar fasaha ta Munik a Jamus ta shigo da su Tobias Nipkow. Abu biyu take da su da har yau Lean bata kamo ta ba a ganina. Na farko yadda ake rubuta hujja a cikinta, salon da ake ce ma Isar, kana rubuta `assume` kaza, `have` kaza, `hence` kaza, `thus` kaza, in malamin da ke duba furojet ɗinka bai taɓa ganin manhajar ba ma zai iya bin zaren ya gane inda aka dosa, don kama take da yadda ake rubutu a allo. Hujjar Lean ta taktik kuwa, wato umarnin da ke warware abun da ake nema mataki-mataki, in ba ka buɗe ta a kwamfuta kana ganin yadda manufa ke canzawa ba, jerin umarni ne kawai kamar lambar cajin kati, kuma ka tuna ranar difens takarda za a riƙe a hannu ba kwamfuta ba. Na biyu Sledgehammer. Ka tsaya a matakin da ya gagare ka, ka kira shi, ya tattaro lemomin da yake ganin sun dace ya aika ma injinan hujja irin su E da Vampire da Z3, in sun samo hanya ya dawo maka da layi ɗaya ka liƙa, kanel ya sake dubawa. Kuma mafi yawan wannan a cikin kwamfutarka yake faruwa, a dunƙule ake sauke Isabelle da editanta da injinan, sau ɗaya, ka iya kwafa ma abokinka a filashi, daga nan ko kana ƙauye bayan Mai'adua babu sabis aikinka na tafiya. Ga mutumin da data ke ma wuya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ita ma dai tana son RAM, kar ka ɗauka mara nauyi ce.

Wani abun kuma, Isabelle kusan sau ɗaya a shekara take fitar da siga, ga rumbunta Archive of Formal Proofs da aka buɗe tun 2004, ɗaruruwan ayyuka a ciki kuma ana gyara su su dace da kowace sabuwar siga, don haka abun da ka rubuta a zangon farko zai kai ka zango na biyu ba tare da ya ruɓe ba. Kuskuren rabin nan da na nuna a sama ma ita ba za ta karɓe shi ba, don bata yarda a sa alamar rabawa ta `/` a kan lambar ƙirga, sai ta tsayar da kai ta tilasta ka yi amfani da `powr`. Amma kar ka saki jiki, cire babba daga ƙarami a lambobin ƙirga sifili ne a can ma, raba da sifili ma haka.

Kuma abun mamaki binciken farko-farko na wannan fanni da Isabelle aka yi shi. A 2022 Yuhuai Wu da abokan aikinshi sun gwada Codex, wani injin AI na OpenAI, ya mayar da tambayoyin gasa zuwa Isabelle, kusan kashi 25 cikin ɗari ne suka fito daidai cif, a lokacin abun ya ba mutane mamaki. A shekarar dai aka fito da wata dabara mai kyau, AI ta rubuta hujja da yaren mutane, ta mayar da ita kwarangwal na Isar mai manyan matakai, Sledgehammer ya cike tsakani. Wannan dabarar har gobe tana aiki kuma kai kaɗai a ɗakinka zaka iya yinta da kowace AI ta hira. Inda Isabelle ke gazawa shi ne aljabara mai zurfi, tsarin nau'o'inta mai sauƙi ne, to in ka zo maganar guruf a cikin guruf, ko ring da aka gina daga wani ring, sai ka riƙa jan kaya a hannu kana maimaita cewa wannan ɗan cikin wancan set ɗin ne a kowane layi, ana yi amma da gumi. Analisis da kompleks analisis da nazarin lambobi kuwa laburarenta ƙaƙƙarfa ne sosai. Sai kuma gaskiyar da ba a ɓoyewa, sabbin injinan AI na hujja kusan duk sun koma Lean, in ka zaɓi Isabelle ka san da AI ta hira da Sledgehammer zaka rayu.

Rocq ba zan daɗe a kanta ba. Ita ce Coq ta da, ta cibiyar INRIA a Faransa, an sake mata suna da siga ta 9.0 a 2025. Tarihinta babba ne, a cikinta Georges Gonthier ya tabbatar da tiyorem ɗin launi huɗu a 2005, da na Feit da Thompson a 2012, a cikinta Xavier Leroy ya gina CompCert, kompaila na yaren C da aka tantance da hujja. In kai ɗan kimiyyar kwamfuta ne kana son tabbatar da cewa furogiram na yin abun da aka ce, bismillah, gidanka ne. Amma ga mai littafin lissafi a hannu matsalarta laburare ya rabu, lambobin ℝ kaɗai akwai na ainihin laburaren, akwai Coquelicot, akwai MathComp-Analysis, kowanne da salonshi, AI kuma sai ta ɗebo rabi nan rabi can ta haɗa maka abun da ba zai taɓa tashi ba. Ban ga dalilin da ɗan lissafi zalla zai fara da ita a yau ba sai in malaminshi ita ya iya, wanda kuma in haka ne to wannan dalilin ya isa, malami a kusa ya fi komai.

In kana son ka ɗanɗana ukun kafin ka yanke, ga gwajin da nake ba mutane, kuma na gida ne. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, malamin nan ɗan ƙasar Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, irin wanda kowane layi da kowane ginshiƙi da kowace kusurwa, wato layin da ya ratsa daga lungu zuwa lungu, jimlarsu ɗaya. Ɗauki mai gida uku-uku. Ka nuna cewa in jimlar kowane layi s ce, to lambar tsakiya in ka ninka ta uku s zata ba ka, shi ya sa in da 1 zuwa 9 aka cika jimla 15 ce kuma dole 5 ta zauna a tsakiya. Hujjar a takarda gajera ce, ka haɗa layin tsakiya da ginshiƙin tsakiya da kusurwoyi biyu ka samu s huɗu, a ciki kowane gida ya fito sau ɗaya banda na tsakiya da ya fito sau huɗu, duka gidajen tara kuma s uku ne, saura s ɗaya daidai da na tsakiya sau uku. Ka ce ma AI ta rubuta maka maganar a manhajojin uku. Hujjar ba ita ce abun kallo ba, a Lean `omega` ko `linarith` zai gama da ita, a Isabelle `linarith`, a Rocq `lia`, layi ɗaya kowace. Abun kallo shi ne sharuɗɗan, takwas ne, layi uku ginshiƙi uku kusurwa biyu, ka ƙirga su da yatsa ka gani ko ta cika su, ka duba ℤ ta sa ko ℕ, ka duba ta rubuta `3 * e = s` ne ko `e = s / 3`, e ɗin ita ce lambar tsakiya, don na biyun a cikakkun lambobi magana ce mai rauni, rabawar na zubar da saura. Wadda ka karanta ka ji ka gane ba tare da ka koma ka tambayi AI me wannan alamar ke nufi ba, to ka fara samun amsarka.

Yanzu maganar wace AI. Nan ma gida biyu ne kuma ba kishiyoyi ba ne. Akwai na hira, ChatGPT, Claude, Gemini, DeepSeek da sauransu, su ne ke iya karanta shafin littafi su gane me ake nufi su rubuta maka maganar tiyorem, su kuma yi maka bayanin jan layin da Lean ta ja. Na kyauta na yi daidai gwargwado, na kuɗin da yawansu dala 20 ne a wata, wanda in ka mayar naira ka san ba kuɗin ɗalibi ba ne, in mutum uku ko huɗu ne ke furojet a fanni ɗaya sai a san yadda za a yi. Yadda ake cin moriyarsu shi ne kai-da-kawo, ta rubuta, ka liƙa a Lean, ka kwafo saƙon kuskuren gaba ɗayanshi ka mayar mata, ba wai ka ce mata bai yi ba kawai. Amma ka sa ido, in ta gaji da neman hujja tana da wata muguwar ɗabi'a, sai ta koma sama a ɓoye ta ɗan gyara maganar tiyorem ɗin, ta ƙara wani sharaɗi da zai sauƙaƙa mata ko ta rage abun da ake nema, ta dawo ta ce an gama. Shi ya sa da zarar ka gamsu da maganar ka ajiye kwafinta a wani fayil daban, duk abun da ta kawo ka gwada layin farko da naka.

Sai injinan hujja zalla, irin DeepSeek-Prover-V2 da ya fito a Afrilun 2025 da su Kimina da Goedel. Waɗannan ba hira ake da su ba, ka ba su magana a Lean wadda ka riga ka tantance, su yi ta jefa hujja har ɗaya ta shiga. Zaka ji an ce babban DeepSeek-Prover-V2 ya ci kashi 88.9 a miniF2F, gaskiya ne, amma ka san abu uku, wancan babban mai faramita biliyan 671 ne, wato ma'aunin girman injin, da ba zai zauna a kwamfutar kowa a garin nan ba, kuma an bashi damar gwaji har sau 8192 a kowace tambaya, sannan miniF2F tambayoyi ne guda 488 galibinsu na gasa na matakin sakandare, ba lissafin jami'a ba. Da aka kai shi ProofNet mai tambayoyin littafi bai kai kashi 40 ba. To kar lambar talla ta ruɗe ka, lissafin littafi ya fi wuya a wajensu don yana jingine da ma'anoni masu hawa-hawa ba dabarar lamba kawai ba. Ƙaramin mai biliyan 7 ana samunshi kyauta a Hugging Face, amma yana son GPU mai ƙwaƙwalwa kusan giga 16, laftof ɗin da muke saye na hannu ba zai ɗauka ba, sai dai ka bi ta Colab ko Kaggle da ke ba da awoyin GPU kyauta, shi ma in netwok ya yanke a tsakiya ka sake daga farko. Ni a ganina ɗan aji huɗu baya buƙatarsu, mai digiri na biyu da ke son ya auna su ya rubuta sakamako shi ne zai ci riba.

Ko wace ka bi akwai kalma ɗaya da zaka riƙa farauta, `sorry`. A Lean da Isabelle ma'anarta an bar gurbin hujja a buɗe, a Rocq `Admitted` ce. Fayil zai tafi da ita, a Lean gargaɗi kawai zaka gani ba ja ba, kuma AI na son cusa ta a wata ƙaramar lema can tsakiya. Haka in ka ga ta rubuta `axiom` to ta ɗauki abun da ake nema ta mayar da shi abun da aka yarda da shi ne ba hujja. A Lean ka rubuta `#print axioms` da sunan tiyorem ɗinka a ƙarshe, in ka ga `propext` da `Classical.choice` da `Quot.sound` kawai to lafiya, su ukun nan na gida ne, in `sorryAx` ya fito ko wani baƙon suna to aiki bai ƙare ba. A Rocq `Print Assumptions` ke wannan aikin.

To wa zai ɗauki me. Ƙanwata mai furojet a aljabara ko tofoloji, ga laftof mai RAM 8 ko sama, ga inda zaki samu waifai ko da sau ɗaya ne ki sauke Mathlib, Lean 4 ba tare da dogon tunani ba, ki fara da Natural Number Game na su Buzzard, wasan koyon Lean a burawuza, ki gama shi kafin ki taɓa AI, don in baki iya karanta yaren ba to ke da ita makafi biyu ne. Mai analisis ko nazarin lambobi da ke zaune inda sabis ke wuya, ko wanda malaminshi dattijo ne mai son ya ga hujja a takarda ya bi da biro, Isabelle zata fi mashi kwanciyar hankali kuma ba abun kunya ba ne. Mai burin wucewa waje karatu ko ya shiga aikin AI da lissafi, Lean, don can ake ɗaukar mutane yanzu. Ɗan kwamfuta mai son tantance furogiram, Rocq ko Isabelle, ita Isabelle ɗin ma ai da ita aka tantance seL4, zuciyar wata manhajar tafiyar da kwamfuta, a 2009.

Kuma don Allah kar ka je ka ce ma malam zaka saka littafi guda. Sashe ɗaya na babi ɗaya, ma'anoni biyu uku da tiyorem biyar ko shida, wallahi ya ishe ka zango, kuma babi mafi daraja a rahotonka shi ne inda ka jera wuraren da AI ta karkatar da maganar littafi da yadda ka gano. In Lean ka ɗauka, ranar farko ka kwafi fayil ɗin `lean-toolchain` da `lake-manifest.json` ka ajiye, ka rubuta lambar sigar a babi na uku, kuma kar ka kuskura ka taɓa `lake update` sai bayan difens.